Dabbar Da Ba Ta Gudun Mutum

Mu mutanen Gombe ba ma'abota teku ba ne. Ruwa mafi faɗi da yawancinmu muka taɓa tsayawa a bakinsa shi ne na madatsar Dadin Kowa, jirgin ruwan da muka fi sani kuwa shi ne kwalekwalen masunta. Saboda haka mai karatu yana iya mamakin abin da ya kai mu ga zancen waɗansu tsibirai da ke can cikin Tekun Fasifik, inda masu hannu da shuni suke biyan kuɗi mai tsoka a ɗauke su a jirgin ruwa, a riƙa sauke su gaɓa-gaɓa domin su yi tattaki su kalli namun daji. Abin da ya kai mu shi ne wata tambaya da waɗannan tsibirai suke yi wa duk wanda ya taka su, wadda kuma muka lura cewa ta daɗe tana jiranmu a ƙofar gida: wane haƙƙi ne yake kan mutum game da dabbar da ta gan shi ba ta gudu ba?

Tattaki A Kan Baƙin Dutse

Tsibiran da muke magana a kansu su ne Galafagos, mallakar ƙasar Ikwado ta Kudancin Amurka, masu nisan kimanin kilomita 1,000 daga gaɓarta. Aman wutar duwatsu ne ya haife su, watau narkakken dutse ya yi ta tasowa daga ƙarƙashin teku yana sandarewa, har ya yi tudu ya leƙo saman ruwa. Wannan ba baƙon al'amari ba ne gare mu, domin Dutsen Tangale da ke kusa da Kaltungo da baƙaƙen duwatsun tudun Biu duk ragowar irin wannan wuta ce, sai dai tamu ta daɗe da mutuwa, tasu kuwa har yanzu takan tashi. Wani limamin Kirista ɗan Sifaniya mai suna Tomas de Berlanga shi ne ya fara ba da labarinsu a rubuce a 1535, bayan da igiyar ruwa ta janye jirginsa zuwa can ba da nufinsa ba. A 1959 gwamnatin Ikwado ta mai da kashi 97 cikin 100 na ƙasar tsibiran gandun daji, a 1978 kuma hukumar UNESCO ta sa su cikin jerin farko na wuraren gado na duniya.

Ga yadda tattakin yake kasancewa. Babban jirgi ya tsaya nesa da gaɓa, sai ƙaramin kwalekwale mai inji ya kwaso baƙi ya sauke su a kan baƙin yashi, alal misali a Puerto Egas da ke tsibirin Santiyago. Doka ba ta yarda su shiga gandun su kaɗai ba, sai tare da ja-gora mai lasisi, shi kuma ba ya jan fiye da mutum 16. Hanyar da za a bi an riga an yi mata alama. A kan duwatsun gaɓa baƙin za su iske ƙadangarun teku, baƙaƙe masu girman guza, kwance birjik suna shan hantsi, su ne kaɗai jinsin ƙadangare a duniya da ke nitsewa cikin teku domin su ci gansakuka. Za su iske ƙaguwa ja zur tana kai da kawowa a kan baƙin dutse, da wata dabbar ruwa da Turawa ke kira zakin teku tana shayar da ɗanta a tsakiyar hanya. Babu wadda za ta motsa don ta ga mutum, mutum ne zai kauce mata. Ja-gora kuwa yana ta tunatarwa cewa a bar tazarar mita 2 tsakani da kowace dabba, kada a taɓa ta, kada a ba ta abinci, kada kuma a ɗauki ko da tsakuwa ɗaya a tafi da ita.

Masana sun ce dalilin wannan rashin tsoro shi ne tsibiran ba su taɓa haɗewa da babbar ƙasa ba, don haka manyan dabbobi masu farauta irin su kura da damisa ba su isa can ba. Tsoro abu ne mai tsada ga dabba, domin yana raba ta da kiwo da hutawa, halittar da ta yi dubban shekaru ba ta bukace shi ba kuwa sai ta rasa shi. Charles Darwin, wanda ya yi makonni biyar a tsibiran a 1835, ya ba da labarin yadda ya ture wani shaho daga kan reshe da bakin bindigarsa, domin tsuntsun bai ga dalilin tashi ba.

Abin da ɗan Adam ya fara yi da wannan rashin tsoro ba abin alfahari ba ne. A ƙarni na 18 da na 19 jiragen masu farautar manyan dabbobin teku sun mai da tsibiran rumbun nama. Akwai manyan kunkuru a wurin, waɗansu suna haura kilo 200, suna kuma iya yin watanni ba ci ba sha. Sai ma'aikatan jirgi su kwashe su, su jibge su a rigingine cikin ɗakin kaya, su riƙa yankawa ɗaya bayan ɗaya a tsawon tafiya. An ƙiyasta cewa waɗanda aka kwashe ta wannan hanya sun haura 100,000. Awakin da mutane suka saki a tsibiran kuma suka cinye ciyawar waɗanda suka rage. Kunkuru na ƙarshe daga jinsin tsibirin Pinta, wanda aka yi wa laƙabi da Joji Ɗan Kaɗaici, ya mutu a watan Yuni na 2012 bai bar baya ba. Ke nan dokar tazarar mita 2 ba daga tausayi tsantsa ta fito ba, daga nadama ta fito.

Amana Ce Ko Wauta?

Mu a ganinmu dabbar da ba ta gudun mutum amana ce a wuyansa. Amma mun san akwai mai cewa wannan kalma ta fi ƙarfin wurin. Zai ce ƙadangaren teku bai amince wa kowa ba, rashin sani ne kawai ya sa yake kwance, kuma ba a ƙulla alkawari da wanda bai san ma'anar alkawari ba. Zai ƙara da cewa Allah ya hore mana dabbobi, Hausawa ma sun ce sabo da kaza ba ya hana a yanka ta.

Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu watsar da ita ba. Mu 'ya'yan makiyaya ne da manoma da mahauta, muna layya muna suna, ba mu kuwa haramta abin da Allah ya halatta ba. Sai dai amana ba ta jiran marar ƙarfi ya san ya ba da ita. Jariri bai san wanda ya ɗauke shi ba, maraya bai zaɓi wanda zai riƙe masa dukiya ba, amma babu mai hankalin da zai ce babu amana a nan. Amana tana hawa kan mai ƙarfi tun daga sa'ad da marar ƙarfi ya faɗa hannunsa, ko ya sani ko bai sani ba. Ita kaza da ake misali da ita, akwai ciniki tsakaninmu da ita: mu ne masu ba ta tsaba, mu ne masu gina mata akurki, kuma yankan da muke yi bai taɓa ƙarar da irinta ba. Barewa kuma da maharbi yake bi tana da ƙafa da hanci da kunne, a tsakaninsu akwai gasa. Dabbar dajin da ba ta gudu ta rasa waɗannan duka biyu, ba mu ciyar da ita ba, ba ta kuma da garkuwar da za ta kare kanta daga gare mu. Wanda ya kai mata hannu ya yi kama da maigidan da ya laluba aljihun baƙon da barci ya kwashe a zaurensa.

Addininmu ya riga kowa koya mana wannan ladabi. Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Duk alhajin da ya je Makka ya ga tantabarun Harami suna kiwo a gindin ƙafafun mutane, domin shari'a ta hana farautar namun Harami, ta ma hana firgita su. An kuma ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana ta kaɗa fukafukai, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a mayar mata da su. Ashe abin da ja-goran Galafagos yake faɗa wa baƙinsa muna da asalinsa fiye da ƙarni goma sha uku kafin a kafa gandun.

Shamuwa Da Ungulu

Ba sai mun ƙetare teku ba kafin mu ga dabbar da ba ta gudunmu. Kowace shekara gabanin damina shamuwa takan iso ta yi sheƙa a kan tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, wani lokaci ma a cikin gida, inda ake daka ana shara a ƙarƙashinta. Manoma suna ɗaukar isowarta albishir ne na ruwa. Yaron da ya ɗaga danƙo zai harbe ta, tun kafin ya saki wata tsohuwa ta daka masa tsawa. Babu gandu, babu lasisi, kakanninmu su ne ja-gora, kuma sun riƙe amanar har ta iso gare mu.

Labarin ungulu kuwa daban ne. Waɗanda suka tashi a Gombe kafin ta zama hedkwatar jiha a 1996 suna iya tuna yadda ungulaye suke jeruwa a kan rufin kasuwa da katangar kwata, suna tafiya a tsakanin mahauta kamar kajin gida. Yau yaro yana iya gama sakandare a Pantami ko Bolari bai san ungulu ba sai a karin magana. Abin ba a Gombe kaɗai ya faru ba, domin a 2015 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sa wannan jinsi na ungulun gari cikin waɗanda ke gab da ƙarewa. Daga cikin dalilan akwai guba, da sare dogayen itatuwan da take sheƙa a kansu, da kuma kama ta ana sayar da kanta da sassan jikinta ga masu tsubbu. Abin lura shi ne kusancinta da mu shi ya sa kamunta ya yi sauƙi, kamar dai yadda ya faru ga kunkurun Pinta. Ta yi mana shekaru tana kwashe mushe ba albashi, muna zaginta da ƙazanta, daga ƙarshe muka sayar da ita. Mutanen Indiya sun riga mu ganin sakamakon irin wannan rashi, domin da ungulayensu suka yi ta mutuwa a shekarun 1990 saboda wani maganin dabbobi da ke saura a jikin mushe, sai karnukan titi suka yawaita a kan mushen, har gwamnati ta haramta maganin a 2006.

Shamuwa da ungulu gari ɗaya suka zauna, mutane ɗaya suka amince wa. Bambancin shi ne ɗaya muna sonta, ɗaya muna ƙyamarta. Idan kuwa riƙon amanarmu bai wuce abin da ya burge idonmu ba, to, ba amana muke riƙewa ba, son zuciyarmu muke bi.

Amfanin Ja-gora

Wannan ya kawo mu ga ja-gora. Mai karatu zai iya tambaya, mutumin da ya biya kuɗi ya keta teku domin son dabbobi, mene ne na tsare shi kamar ɓarawo? Amsar ita ce kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Taku ɗaya a wajen hanya ba ya ɓata komai, amma a 2023 baƙin da suka shiga Galafagos sun haura 300,000, kuma ƙadangaren teku a cikin yashi yake binne ƙwansa. Ɓarnar da mugu ɗaya zai yi ba ta kai wadda dubban masu ƙauna za su yi ba idan kowa ya ce nasa kaɗan ne.

Duk wanda ya taɓa kwana a sansanin Wikki da ke gandun Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya san wannan da idonsa. Gwaggon birin wurin ya koyi cewa a hannun mutum abinci yake, don haka ya daina jira a ba shi, sai ya fizge leda, ya leƙa ɗaki, ya buɗe jaka. Baƙon da ya fara miƙa masa biskit yana ganin alheri ya yi, alhali ya mai da naman daji almajiri, daga almajiri kuma ya koma ɗan fashi. Akwai ƙaunar da take son ta taɓa ta mallaka, akwai kuma wadda take iya tsayawa daga nesa ta bar abu yadda Mahalicci ya yi shi. Ta biyun ita ce mai wuya, ita ce kuma aikin ja-gora ya koyar. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, kyawun raɓa kuwa idan ta tashi ba a ganin sawunta.

Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Da a nan muka tsaya da mun yi zalunci, domin akwai wanda ba mu saurara ba tukuna, watau maƙwabcin dabba. Baƙo yana kallo na awa biyu ya koma jirginsa, maƙwabci kuwa shi ne mai kwana da tashi da ita. Mutum kusan 30,000 ne suke zaune a Galafagos. A 1995, bayan da gwamnati ta rufe kamun wata halittar teku mai kama da kokwamba wadda ake saya da tsada a kasuwannin Asiya, masunta masu fushi sun mamaye tashar bincike ta Darwin, har suka yi barazanar kashe kunkurun da ake kiwo a ciki. Abin da suka yi ba daidai ba ne, amma ƙorafinsu yana da tushe: ana ƙawata tsibiran domin idon baƙo, ana ce wa ɗan gida ya ɗaure ciki. Sai a 1998 aka yi doka ta musamman wadda ta keɓe kamun kifi a ruwan tsibiran ga ƙananan masuntan wurin, ta kuma ba su murya a cikin tafiyar da shi.

Mu ma muna da namu. Tun da aka kammala madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola a 1984 dorina ta sami wurin zama mai faɗi. Mu 'yan birni idan muka je bakin ruwan muka hangi kunnuwanta, sai mu yi tasbihi mu ɗauki hoto. Amma dorina guda tana iya cin ciyawa kimanin kilo 40 a dare ɗaya, kuma ba ta bambanta ciyawa da shinkafar da mai noman rani ya ci bashi ya shuka. Manoma da masunta na wannan yanki sun sha kokawa a kan gonakin da aka tattake da kwalekwalen da aka kifar, kamar yadda ƙauyukan da ke kewaye da Yankari suke kokawa a kan giwaye. Idan muka ce wa mutumin da ya wayi gari ya iske gonarsa ta zama fili ya riƙe amanar dorina, alhali mu ba mu yi asarar ko ƙwaya ba, to, wa'azinmu ya zama na wanda ya ƙoshi ga mai yunwa.

Magabata sun san wannan matsala. Imam Malik ya ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya keɓe wata makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya ɗora baransa Hunayyu a kanta. Ya gargaɗe shi da ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar masu 'yan tsirarun raƙuma da tumaki su shiga, amma ya tsare garken manyan attajirai irin su Ibn Auf da Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da kowa sai hukuma. Wannan makiyaya ba ta namun daji ba ce, amma ƙa'idar ɗaya ce: idan za a keɓe ƙasa domin amfanin kowa, kada nauyinta ya faɗa kan mafi rauni.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wannan ƙa'ida a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Raƙumin dawa irin na Afirka ta Yamma, wanda a da yake yawo har arewacin Nijeriya, ya ragu zuwa kimanin 50 a 1996, duk a wannan yanki. Yana cin waken manoma da mangwaronsu. Sai aka ɗauki 'yan ƙauyukan a matsayin ja-gorori masu samun abin hannu daga baƙi, aka haƙa rijiyoyi, aka ba da ƙananan rance, a cikin shekaru ashirin da 'yan kai kuwa adadinsa ya haura 600. Harin 'yan bindiga na watan Agusta 2020, wanda ya halaka mutum 8 har da ɗaya daga cikin ja-gororin, ya durƙusar da ziyarar, amma bai goge darasin ba: dabba tana tsira ne idan maƙwabcinta ya ga rayuwarta ta fi mutuwarta amfani a gare shi.

Kammalawa

Mun fara da tambayar haƙƙin dabbar da ba ta gudun mutum, sai muka iske haƙƙin biyu ne a haɗe. Akwai haƙƙin dabbar, cewa kada a mai da rashin tsoronta makamin hallaka ta, ko da sunan farauta ko da sunan ƙauna. Akwai kuma haƙƙin maƙwabcinta, cewa kada a bar shi shi kaɗai da kuɗin abin da kowa yake jin daɗin kallo. Wanda ya riƙe na farko ya saki na biyu zai wayi gari ya iske manomi ya sa guba, wanda kuma ya riƙe na biyu ya saki na farko zai bar wa jikokinsa karin magana babu tsuntsu.

Abin da ya rage mana ba ya bukatar jirgin ruwa. Makarantunmu suna iya kai ɗalibai dajin Kanawa da bakin ruwan Dadin Kowa, a ɗauki masunci ko tsohon maharbi ya ja su, a biya shi ladan iliminsa, domin babu wanda ya fi shi sanin inda dorina take fitowa da tazarar da ya kamata a ba ta. Hukuma tana iya ƙirga gonar da aka tattake kamar yadda take ƙirga wadda ambaliya ta ci. Mu kuma masu gidaje, kafin mu kira mai gatari ya kayar da tsohuwar tsamiya domin mu fitar da shago, ya kyautu mu ɗaga kai mu duba ko akwai sheƙa a kanta. Shamuwa za ta sake zuwa gabanin ruwan bana ta nemi itacen da ta bari bara. Allah ya sa ta iske shi a tsaye, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da aka ɗora mana.